Mene ne ɓallewar dam, me ta jawo wa Maiduguri?

Ɓallewar dam ita ce ruwan da aka tare ya fi ƙarfin bango ya fasa shi. Damina ta cika tafki, bango ya tsufa ba gyara, sai ruwan ya kwararo lokaci guda.

Haka dam ɗin Alau, a kan kogin Ngadda, ya yi a Satumban 2024, shekara 30 bayan wata ambaliya da ta afka wa Maiduguri a 1994. Cikin dare ruwan dam ɗin ya mamaye sassan Maiduguri, har da unguwar Gwange, Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno. Kadoji da macizai suka fice daga gidan namun daji.

Talakawa suka fi shan wuya. Waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu suka sake komawa sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi. Masai ya gauraye da rijiyoyi, kwalara ta biyo baya.