Gashin Nama Na Bin Taro, Ribar Citta Na Barin Kudancin Kaduna

Kafanchan: Sana'ar gashin nama sana'a ce mai bin taron jama'a, ko taron na tseren motoci ne, ko na ƙwallo, ko na bikin al'ada. Kudancin Jihar Kaduna shi ke noma mafi yawan cittar da ake haɗa yajin wannan nama da ita a Nijeriya. Amma akasarin cittar a busasshiya take barin yankin cikin buhuna, ribar sarrafa ta kuma takan faɗa aljihun wasu.

A ƙasashen da tseren motoci ya kafu, gashin nama ya zama kasuwa mai zaman kanta. A Amurka, tseren Indianapolis 500, wanda aka fara a 1911, yakan tara 'yan kallo kimanin 300,000 a rana guda. A can, da kuma a tseren Daytona 500 da aka fara a 1959, masu sha'awar wasan sukan kafa murhun gawayi a bayan motocinsu su gasa nama tun kafin a tayar da tsere. Waɗanda ba su samu zuwa ba sukan yi nasu gashin a gida, suna kallo a talabijin. Ganin haka ne ya sa kamfanin gawayi na Kingsford ya sha liƙa sunansa a jikin motocin tseren NASCAR.

A nahiyar Afirka ma haka abin yake. Gasar Safari Rally ta ƙasar Kenya, wadda aka fara a 1953, ta koma cikin jerin gasannin duniya a 2021, kuma masu gashin naman akuya suna daga cikin waɗanda kan ci kasuwa a garin Naivasha a kwanakin gasar. A nan gida, gasar motoci ta daɗe cikin shirye-shiryen bikin kamun kifi na Argungu, kuma a 2020 daga Abuja motocin suka tashi.

Kafanchan ba ta da filin tseren motoci, amma taron matafiya ne ya raya ta. A 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta haɗu a nan da reshen da ya nufi Jos, garin ya zama mahaɗa, mahauta da masu tsire suka samu masu saye a bakin tasha. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, sai cinikin ya koma tashoshin mota da bakin manyan tituna.

Yanzu lokutan cinikin su ne Kirsimeti da Sallah, da bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu, da bikin Tuk-Ham na Kwoi a lokacin Ista. Sai kuma gidajen kallo, inda matasa kan taru domin ƙwallon Turai, tauraron ɗan adam kuma yana kawo tseren Formula 1. Duk inda aka zauna kallo na sa'a biyu, mai tukuba ba ya rasa ciniki.

Ga mai son shiga sana'ar, ko magidancin da ke son gasa wa baƙinsa a tsakar gida, gashi iri uku ne suka fi tafiya.

Na farko shi ne tsire. Akan sami tsokar naman sa marar jijiya, a yanka ta fale-fale, a soka a tsinke, a shafa man gyaɗa, a birkita cikin yaji. Sa'an nan a jera tsinkayen kewaye da wuta, ba a kan harshenta ba, ana juyawa har su nuna. Ga nama kilo 1, kofi 1 na garin ƙuli-ƙuli da cokali 2 na garin citta da cokali 1 na barkono za su wadatar, tare da ɗan masoro da kanumfari da kimba da gishiri. Ƙuli-ƙulin da ba a matse mansa sosai ba yakan sa yaji ya dunƙule, ya kuma yi saurin ƙonewa.

Na biyu shi ne balangu, wanda aka fi yi da naman rago ko na akuya. Akan shimfiɗa manyan yanka a kan waya bisa garwashi marar ƙarfi, a bar su su gasu a hankali cikin kitsensu. Yaji sai bayan an yayyanka ake barbaɗawa, tare da albasa da tumatir. Haka nan ake yi wa kaza da zabo, sai dai su lalle ne a tabbatar sun nuna har ƙashi, ba sauran jini.

Na uku shi ne kilishi, wanda ya fi sauran wahala, ya kuma fi su daɗewa bai lalace ba. Akan fiɗe tsoka ta zama kamar takarda, a shanya a rana, a tsoma cikin labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da kayan yaji, a sāke shanyawa, sa'an nan a nuna mata wuta kaɗan. Da yake kusan kashi 70 cikin 100 na ɗanyar tsoka ruwa ne, nauyin nama yakan ragu ƙwarai, shi ya sa kilishi ke da tsada. Amma shi ne mai tafiya nesa a matsayin tsaraba.

A dukkan ukun, citta ce ke bai wa yaji ƙamshi, kuma a nan ne yankin ya fi kowa. Ƙananan hukumomin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf su ne cibiyar nomanta. Iri biyu aka fi sani, Tafin Giwa mai ruwan ɗorawa, da Yatsun Biri mai duhu da zafi. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna sanya Nijeriya cikin manyan masu noman citta a duniya. Bugu da ƙari, ana samun gyaɗa da barkono a kasuwannin jihar, ga kuma shanu a makiyayar Ladduga da ke Kaciya.

Sai dai a daminar 2023 wata cuta mai ruɓar da citta ta abka wa gonakin yankin. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da Naira miliyan dubu 12, kuma a 2024 ta ba da sanarwar tallafin Naira miliyan dubu 1.6 domin farfaɗo da noman. Farashin citta ya yi tashin gwauron zabi, iri ya yi wuya. A 2023 ne kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin dakon dabbobi da na gawayi suka ƙaru. Mai tsire ya shiga tsaka mai wuya: ya rage citta a yaji ya rasa masu saye, ko ya rage girman tsinka.

Wannan annoba ta nuna haɗarin dogaro ga sayar da ɗanyen amfani kaɗai. Manomin da ya sayar da buhu a kaka ya gama cin tasa riba ke nan. Wanda ya niƙa, ya haɗa da ƙuli-ƙuli, ya ƙulle cikin leda ko kwalba mai ɗauke da sunansa, shi ke sayarwa duk shekara ga masu gashi da otal-otal da manyan kantunan Abuja da Jos da Kaduna, har da 'yan Nijeriya mazauna Ingila da Amurka.

Jarin da aikin ke buƙata bai fi ƙarfin ƙungiyar gama-kai ba: wurin shanya mai tsabta, injin niƙa, sikeli da injin liƙe leda. Wajibi ne a yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kuma sami lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, domin manyan kantuna ba su karɓar kayan abincin da ba su da ita. Babban abin kiyayewa shi ne danshi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma wannan na daga cikin dalilan da kan sa a mayar da kayan abinci daga tashoshin jiragen ruwan Turai.

Su ma masu gashin akwai gyara a gabansu. Ɓullar cutar dabbobi ta Antiraks a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023 ta tunatar da muhimmancin sayen naman da likitan dabbobi ya duba a mayanka. Naɗe nama cikin tsohuwar jarida ko takardar siminti kuma yana korar mai saye da ya san illarsa.

Ɗan kasuwar da ke son cin kasuwar ƙarshen shekara, a kaka ya kamata ya tanadi citta da gyaɗa, lokacin da sabon amfani ke shigowa kasuwannin Kaciya da Kwoi da Kafanchan, ya gama niƙa da ƙulli kafin Disamba ta kama.