Ɗan manomi da maganin kitsen jini

A cikin jininmu akwai wani kitse mai suna kolesterol. Idan nau'insa da ake kira LDL ya yi yawa, sai ya toshe jijiyoyin zuciya, mutum ya faɗi ba zato.

Akira Endo ɗan manomi ne a ƙasar Japon, an haife shi a 1933. Ya gwada funfuna kimanin iri 6000. A 1973 ya samu, cikin funfunar shinkafa, sinadarin da ke rage kitsen da hanta ke ƙerawa. Wannan ne mafarin magungunan statin. Ya rasu a 2024.

Amma muna jan kunnen manoma: funfunar gujiya ko ta masara guba ce mai lalata hanta. Ko dabbobi kada a ba su.