Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ake Gane Takardar Ɗan Aiken Kwamfuta Mai Kyau?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Fagge, wanda ke da rumfar atamfa a Kantin Kwari, ya ce ɗan wansa zai haɗa masa ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira, mai duba kayan da suka rage a rumfa, ya kuma tura wa masu bin bashi kuɗinsu. Yaron ya ce masa komi ya dogara ga takardar bayanin kayan aiki. Yana tambaya, shi da bai san kwamfuta ba, yaya zai gane ko takardar ta yi kyau?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wasiƙarka, kuma ɗan naka ya faɗi gaskiya. Shi wannan ɗan aike, irin su ChatGPT da ya fito a Nuwamba 2022, ba ya ganin cikin manhajar da zai yi aiki da ita. Abin da yake gani kawai shi ne sunan kayan aikin, da bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da zai cike. Da wannan yake zaɓen abin da zai taɓa. A Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wani tsari mai suna MCP domin a riƙa rubuta irin wannan bayani a fasali ɗaya, kuma manyan kamfanoni sun karɓe shi. Bayanin kuwa da Turanci na yau da kullum ake rubuta shi, saboda haka ka sa yaron ya fassara maka, ka saurara kamar umurni ne za a ba sabon yaron shago da ya zo daga ƙauye jiya.

Da farko, takardar ta faɗi aikin kayan, da lokacin da za a yi amfani da shi, da lokacin da ba za a yi ba. In akwai guda biyu masu kama da juna, ɗaya na duba bashi, ɗaya na biyan bashi, dole bayani ya raba su sarai.

Na biyu, ma'auni. In gurbi ya ce "adadi" kurum, to adadin me? Yadi ne, turmi ne, ko dila? Haka ma kuɗi. Alal misali, Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na nan Nijeriya, da kwabo yake lissafi, wato in an rubuta 5000, naira 50 ke nan. Takardar da ba ta faɗi haka ba za ta sa a karɓi kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinka. Manya ma abin ya ci su: a Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, don wani sashe ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani da na mita.

Na uku, me zai faru in aiki ya ƙi? Takarda mai kyau takan faɗi irin amsar da za ta dawo. "An sami matsala" ba amsa ba ce. "Lambar asusu lamba 10 ce, ka ba da 9" ita ce amsa, don da ita ɗan aike zai gyara da kansa.

Na huɗu, ta bambanta aikin dubawa da aikin da ba ya komawa baya. Duba kaya ba ya rage maka komi. Tura kuɗi kuwa, bakin alƙalami ya bushe. Ka ce lallai sai an nemi yardarka kafin kowane biya.

Na biyar, a karanta ta duka. A shekarar 2025 masu binciken tsaro sun nuna cewa ana iya ɓoye mugun umurni cikin bayanin kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, mai shi bai sani ba. Kamar yadda ba ka sayen janareta a Sabon Gari sai ka san hannun da ya fito, haka nan kada a ɗauko kayan aiki daga intanet ba a san mai shi ba.

Daga ƙarshe, a gwada. Ka ba shi saƙonni goma irin waɗanda ka saba ba yaranka, har da masu harshen damo, da kuɗi kaɗan. Duk inda ya yi kuskure, a koma a duba layin da ya ruɗe shi, a gyara, a sake gwadawa. Sai ya ci goman kafin ka sakar masa asusunka.

Allah ya ba da kasuwa, Alhaji. Sauran masu sauraro kuma, muna jiran wasiƙunku.