TSOHUWAR KWAMFUTA BA SHARA BA CE

A ma'aikatun gwamnati da bankuna da jami'o'i akwai wata irin kwamfuta da ake kira saba, wasu kuma suna ce mata uwar garke. Aikinta shi ne ajiye bayanai da rarraba su ga sauran kwamfutocin ofis. Da zarar an sayo sabuwa, sai a kai tsohuwar sito ƙura ta rufe ta, alhali kuwa lafiyarta lau. Wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, gama da kuɗin ƙasashen waje aka sayo ta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Nufin wannan takarda shi ne a nuna wa shugabannin ofisoshi da na makarantu yadda za su ci moriyar irin waɗannan na'urori.

A FARA AUNA WUTAR DA TAKE CI

Ba kowace tsohuwar saba ce ta cancanci a sake kunna ta ba. Ƙaramar saba mai cin wat 30, idan ta yini ta kwana tana aiki, za ta ci yunit 22 a wata. Babba mai cin wat 300 kuwa za ta ci yunit 216. Bisa farashin Naira 225 kowane yunit da aka yanka wa masu rukunin A a watan Afrilu na 1924+100, wato 2024, kuɗin wutar ƙaramar bai kai Naira 5,000 ba, na babbar kuwa ya zarce Naira 48,000. Saboda haka ƙananan su ne abin tattali, domin faifan sola da batir sun isa su riƙe su.

A SHAFE ABIN DA KE CIKI

Kafin na'ura ta bar ofis, wajibi ne gwani ya shafe faifan ajiyarta sarai, ko ya cire shi ya farfasa. Sunayen ma'aikata da albashinsu da bayanan marasa lafiya amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa kowace hukuma alhakin tsare su. Haka kuma kayan gwamnati ba a kyautar da su da ka. Sai an bi ƙa'idar da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa.

A SA MATA SABUWAR MANHAJA

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows Server 2012 a watan Oktoba na 2023, don haka barin irin wannan manhaja a kan intanet buɗe wa ɓarayi ƙofa ne. A madadinta a sa Linux, misali Debian, wadda kyauta ce, kuma ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi.

AYYUKAN DA ZA TA IYA

1. Ɗakin karatu a makarantar da babu intanet. Da manhajar Kiwix ana iya zuba mata Wikipedia ta Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, ɗalibai su karanta ta wayar hannu ba tare da sayen data ba. Manhajar Kolibri kuma tana ɗauke da darussa.

2. Ajiyar kwafi na biyu na takardun ofis, saboda gobara ko sata. A ajiye ta a wani gini dabam.

3. Haɗa kwamfutocin ƙaramin ofis ko asibiti da na'urar buga takarda guda ɗaya.

4. Koyar da sana'a a kwalejojin fasaha, inda matasa za su kwance ta su ɗaura, su koyi gyara da hannunsu.

A ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa kakkaɓe mata ƙura, musamman da hunturu.

IDAN TA MUTU FA?

Kada a ƙone ta don neman jan ƙarfe, kada kuma a jefa ta a juji. Tsofaffin kayan lantarki suna ɗauke da dalma da zaiba, waɗanda ke lalata ƙwaƙwalwar yara su gurɓata ruwan rijiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi 1 cikin 4 ba. Ƙasarmu ba ta manta da gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988 ba. A miƙa matacciyar na'ura ga masu sarrafawa da suka yi rajista da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsare dokokin muhalli.

Ana kira ga kowane shugaban ofis da ya sa a buɗe sito, a ƙirga abin da ke ciki, a rubuta, a ware mai rai da matacce. Dukiyar gwamnati dukiyarka ce. Ka tattale ta.