ALLURAR BAYA GA MAI HAIHUWA, DA ABIN DA TA KE YI WA JINI

Zancenmu na yau a kan macen da haihuwa ta gagara ne, aka ɗauko ta daga Lambara ko Shagari zuwa babban asibiti a Sakkwato, likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki a ciro ɗan.

Hanya biyu a ke bi don kada ta ji wuƙa. Ko a ba ta maganin barci, ko kuwa a yi mata allura a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙirji zuwa ƙafa, amma idonta biyu. Wani likita Bajamushe, August Bier, shi ya fara wannan allura a 1898. Likitoci sun fi son ta, gama uwa ta kan ji kukan ɗanta na fari, kuma ba a fargabar amai ya shige mata huhu tana barci.

To, amma allurar tana da halinta. Kun san mai lambu: in ya faɗaɗa hanyar ruwa, sai ruwan ya yi sanyin gudu, bai kai fangalin ƙarshe ba. Haka jijiyoyin jini su ke. Allurar ta kan sa su saki, jini ya taru a ƙafafu, ƙarfin bugunsa ya sauka. Ga kuma nauyin ciki yana danne babbar jijiya mai komar da jini zuciya, muddin mace tana rigingine. Fangalin ƙarshe kuwa shi ne jariri.

Sabo da haka ba a zuba maganin da ka. Wanda a ke yawan amfani da shi sunansa bupivacaine, abin da a ke ɗura wa mace kuwa bai kai rabin ƙaramin cokali ba. In ya yi yawa, ya hau sama, jini ya faɗi ƙwarai. In ya yi kaɗan, ta ji zafi aiki bai ƙare ba. Likita ya kan dubi tsawonta, don gajeriyar yarinya ba ta ɗaukar na doguwar mace. Sa'an nan a ɗaura mata ruwa, a karkata ta hagu, a riƙa awon jininta a kai a kai, da allurar tā da shi a ajiye kusa.

Ke kuma 'yar'uwa, in kin ji tashin zuciya ko jiri, ki faɗa nan take. Alamar saukar jini ke nan, kuma a kan gyara shi cikin 'yan mintoci. Kunyar ɗan fari a bar ta a gida.

Mai kumburin ƙafa da hawan jini, abin mamaki, allurar ta kan karɓe ta, jininta bai cika faɗuwa kamar na sauran ba. Wadda ta zubar da jini da yawa ita ce abin tsoro, gama allurar baya tana iya ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage mata, sai likita ya zaɓi barci. Don haka maigida, da ke ungozoma, ku gaya wa likita gaskiya: zane nawa ta jiƙa, tun yaushe, da abin da aka ba ta ta sha. A cikin mota kuma ku kwantar da ita a gefen hagu har ku isa.