Maganin Barci Lokacin Aikin Miƙe Ƙashin Baya

Akwai yaran da ake haifa da girman da ya wuce na tsararsu: babban kai, dogon jiki, manyan hannuwa da ƙafafu, da jinkirin tafiya ko magana. Ɗaya daga cikin irin wannan ciwo ana kiransa Sotos, sunan likitan da ya bayyana shi a 1964. Daga halittar jiki yake. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Da yawa cikin yaran nan ƙashin bayansu yana karkacewa. Idan karkatar ta yi tsanani, sai an yi tiyata.

Aikin yana ɗaukar awoyi da dama, yaron yana kwance rub da ciki. Likitan barci zai sa masa tiyo ta baki zuwa maƙogwaro domin na'ura ta taya shi numfashi. Girman kai da zurfin ganɗa suna iya sa shigar tiyon ta yi wuya, kuma karkataccen baya yakan matse huhu. Shi ya sa ake duba baki, huhu, zuciya da ƙoda tun kafin ranar.

Ga abin da ya rataya a wuyanku:

1. Ku faɗa wa likita kome: farfaɗiya, minshari, saurin gajiya, da ko maganin barci ya taɓa wahalar da wani a danginku.
2. Ku zo da duk maganin da yake sha, har na gargajiya. Kada ku tsai da maganin farfaɗiya sai likita ya ce.
3. Kada ya ci abinci, ko kunu ko madara, awa 6 kafin aiki. Ruwa zalla kuma a daina awa 2 kafin aiki. In tausayi ya sa kuka ba shi a ɓoye, amai na iya shiga huhunsa, ya rasa ransa.
4. Ana zubar da jini sosai a wannan aiki. Ku kawo 'yan'uwa masu lafiya su ba da jini.

Wani lokaci ana ɗan farkar da yaro a tsakiyar aiki, a ce ya motsa ƙafa, don a tabbata lakar baya ba ta taɓu ba. Yana cikin maganin kashe zafi, yawanci ba ya tunawa. Ku gwada masa wannan a gida tun da wuri.

Bayan aiki, in kun ga numfashinsa ya canza ko ƙafa ta ƙi motsi, ku kira ma'aikaci nan take. Allah ya ba da lafiya.