Karen gadi da magen sito su ma suna da ranar allura



Yau ba maganar kaji ko tarwada zan yi kai tsaye ba, amma ka ɗan tsaya. Kusan duk wanda ya gina gona a bayan gari, abu biyu yake fara nema bayan katanga: kare saboda ɓarayi, mage saboda ɓeraye. Malamai ma sun yi bayanin halaccin ajiye kare don gadin gona da dabbobi, wannan ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce muna kawo su mu sake su, shi ke nan. Ka tambayi mai kaji ranar Gumboro, zai faɗa maka ba tare da ya duba littafi ba. Ranar Lasota haka. Ka tambaye shi yaushe aka yi wa karensa allura, sai ya kalle ka kamar ka yi masa Faransanci.

Lokacin da nake koyon aiki a wata gona ina ɗalibi, akwai karnuka uku da ba a taɓa kai su wajen likita ba. Da na yi magana aka ce ai karen gida ne, ba ya ciwo. Wata rana ɗaya ya dawo daga yawo da rauni a kunne, ba wanda ya damu. Bayan 'yan makonni ya daina cin abinci, ya ciji yaron mai gadi a ƙafa, kwana uku tsakani ya mutu. Allah Ya taimaka an kai yaron asibiti tun ranar, ya samu allurai, yana nan lafiya. Amma kuɗin da aka kashe da zaryar da aka yi, ga fargaba ta watanni, wallahi da an yi wa karnukan nan rigakafin shekaru da dama da kuɗin.

To mu fara da wannan, domin shi ne babba.

Cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da yake da rauni. Daga nan ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai iya yin wata biyu ko uku garau, wani lokaci mako ɗaya kawai, wani lokaci har shekara. Amma daga ranar da alamomi suka bayyana, irin su tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan babu wanda yake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne suke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka. Kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne masu wasa da kwikwiyo, kuma in ya cije su sai su ɓoye don tsoron duka.

Wani abu da mutane ba su sani ba, ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane da cizo ba. Akwai wanda zai yi laushi, ya ɓuya a lungu, haɓarsa ta saki, yawu yana dalala, ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa. Sai mai tausayi ya zura hannu zai ciro. Don Allah kada ka yi. Mage ma tana kamuwa, saniya da akuya da jaki duk suna kamuwa idan ya cije su.

Rigakafin ba wuya. Kwikwiyo ko ɗan mage ya cika wata 3, a yi masa allura, sannan a maimaita duk shekara. Ka karɓi katin shaida mai kwanan wata da sa hannun likita, ka ajiye. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, wannan katin ne zai kashe rabin wutar. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan rigakafi, akwai kuma na waje. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma jihohi da dama kan yi allurar kyauta a wannan tsakanin, sai ka riƙa sa kunne. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar tana daina yawo. Saboda haka in kana da maƙwabcin gona mai karnuka, ku haɗa kai ku kira likita rana ɗaya, kuɗin mota ma ya ragu.

Kuma ku masu kaji kun san hukuncin sanyi. Rigakafin da ya kwana a aljihu ko a rana ya zama ruwa. Ana ajiye shi ne a firji tsakanin maki 2 zuwa 8. Wanda ya zo maka da kwalba a leda babu ƙanƙara, ka ce masa na gode.

Idan kuma cizon ya riga ya faru, abu na farko ba barkono ba ne, ba toka ba, ba ɗaure wurin ba. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka duba agogo, ba shafa-shafa ba. A sa aidin in akwai, a tafi asibiti a ranar. Karen kuma a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jira kwana goman kafin a fara wa mutum allura. In ya mutu ko an kashe shi, a sanar da likitan dabbobi, domin da ƙwaƙwalwarsa ake gwaji.

Sai allura ta biyu, wadda ta haɗa cututtuka da yawa a sirinji ɗaya, likitoci suna ce mata DHLPP. Wanda ya taɓa sayen kwikwiyo mai tsada ya ga yana amai da zawo na jini mai wari, kwana biyu ya mutu, to yawanci fabo ce ta kashe shi. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, ka kawo sabon kwikwiyo wurin shi ma ya bi. Ana fara allurar a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Me ya sa sau da yawa? Dalili ɗaya ne da na Gumboro. Garkuwar da ɗan ya samu daga uwa tana hana rigakafi kamawa, kuma ba ka san ranar da za ta ƙare ba, shi ya sa ake maimaitawa har a dace. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya, kamar wanda ya yi katanga ne ya bar gefe ɗaya a buɗe.

Harafin L da ke cikin sunan nan ya shafi masu kifi musamman. Cuta ce da ke fitowa daga fitsarin ɓera, tana son wuri mai danshi, tana lalata ƙoda da hanta, kuma tana kama mutum ta raunin ƙafa ko hannu. Gona mai sito da ɓeraye da ruwa kwance, an gama haɗa mata shimfiɗa. Mage ita ma tana da nata haɗin, na mura da cutar da ke kashe 'ya'yan mage da amai da zawo, ana farawa wajen mako 8.

Tsutsar ciki kuwa, ka ɗauka kowane kwikwiyo da ita ya zo, domin wata tun a ciki yake ɗauka, wata ta nono. Ana ba da magani daga mako 2, duk bayan mako 2 har wata 3, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk bayan wata 3. A auna nauyi, kada a yi kintace. Abin da ya sa wannan ya shafe ka: ƙwan tsutsar yana cikin kashin kare, yara suna wasa a ƙasa, wata ma ta fatar ƙafa take shiga in ana yawo ba takalmi. In kana haɗa kiwo da tumaki, kada ka jefa wa kare ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa, ko kan tunkiyar da ta mutu tana juwa. Da haka tsutsar take komawa cikin kare, ya yi kashi a ciyawa, wata tunkiyar ta ci. Kashin mage a cikin dusa kuma yana iya sa tumaki da awaki ɓari, mace mai ciki ma ta nisanci kwashe shi. Bar mage ta yi sintiri a sito, amma buhuna su hau katako, wanda aka buɗe a rufe shi a duro.

Yanzu ga inda na fi ganin asara, wato kaska da ƙuma. Kaskar kare ba jini kawai take sha ba, tana sa masa cutar da za ka ga dadashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja, ya kwanta. Kuma tana ɓuya ne a tsagar bango, ka wanke kare yau, jibi ta dawo, dole a gyara makwancinsa. Ƙumar nan da ke maƙalewa a fuskar kaji ita ma tana hawa kunnen kare da mage, in ka yi wa ɗaya magani ka bar ɗaya, aikin banza ne.

Amma ka kula da me kake wankewa. Magungunan kaska irin su saifametirin da fametirin guba ne mai ƙarfi ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. Ka wanke kare kusa da tafki, ko ka jiƙa maganin a bokitin da kake ɗiban ruwan kifi, ko karen ya faɗa ruwa bayan wanka, gobe da safe za ka tarar da tarwada ciki sama, kana ta zargin abinci. Bokitin kare daban, wurin wanka nesa, ruwan kada ya gangara. Sannan fametirin ɗin yana kashe mage, maganin da aka rubuta na kare ba a sa wa mage ko ɗigo. Haka farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Fiya-fiya da baƙin mai da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa, wannan ba magani ba ne, azaba ce.

Shinkafar ɓera ma haka. Ko ka zaɓi mage, ko ka sa guba a cikin akwati ko bututun da ɓera kaɗai ke shiga, kuma ka riƙa kwashe mushen da sassafe. Wata gubar ba ta nunawa sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin jini ya riga ya fara zuba a ciki. Tana da makari in an kai da wuri, ka tafi da kwalin likita ya gani.

Sai ɗabi'ar da kusan kowa yake yi: kaza ta mutu, a jefa wa kare. Ana ganin tattali ne. Na farko, ka koya masa ɗanɗanon kaza, gobe da kansa zai shiga. Na biyu, zai ja mushen zuwa wani ɗakin kaji ko gonar maƙwabci, cutar da ka so ta tsaya a ɗaki ɗaya ta zagaye gona. Na uku, shi ma yana cikin haɗari. Murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006 tana kashe mage, an ga haka a Folan a 2023, an kuma gani a gonakin shanu a Amurka a 2024. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone. Mataccen kifi ma haka, ga ƙayar tarwada da ke maƙale wa dabba a maƙogwaro. Kuma kare da mage kada su shiga cikin ɗakin kaji ko kaɗan, aikinsu a waje yake, domin ƙwayar da ke kawo kwalarar kaji tana zama a bakinsu ba tare da ta dame su ba. Abincin kajin nama ma kada a dama wa kare, wani yana ɗauke da maganin zawon jinin kaji irin monensin, wanda yake shanye ƙafafun kare.

Maganar haihuwa a taƙaice: cikin karya da na mage wajen kwana 63 ne, mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5. In ba sayar da 'ya'ya kake ba, ka yi magana da likita a yi fiɗiya ko a juya mahaifa. Namijin da aka fiɗiye ya fi zama gida, kuma a wajen yawo da faɗa ne suke kwaso cizo. Gadinsa yana nan.

Ina za ka je? Asibitin dabbobi na jiha ko na ƙaramar hukuma, ko likitan da yake duba maka kaji, shi ɗin dai likitan kare ne. Wanda yake kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Ni a littafin gona na ware shafi na ƙarshe, kowane kare da mage da sunansa, da ranar allurar da aka yi da ranar ta gaba, da ranar maganin tsutsa. In ka karɓi sabon kare ko mage, ka tsare shi gefe na mako biyu kamar yadda kake yi wa sababbin kaji, kuma kafin ka biya kuɗi ka ce a nuna maka kati. In babu, ka ɗauka ba a yi masa komai ba, a fara daga farko.